Wa Ke Kai Rahoto? Binciken Gellately kan Gestapo da Tambayar da ke Jiran Tarihin Kudancin Kano

Tun daga 1945, shekarar da mulkin Hitila ya rushe, har zuwa ƙarshen shekarun 1970, yawancin abin da aka rubuta game da zaman jama'ar Jamus a ƙarƙashin 'yan Nazi ya ginu ne a kan zato guda, wato cewa Gestapo, 'yan sandan ciki na gwamnatin, sun baza ido da kunne a kowane lungu da saƙo, har ta kai talakan ƙasar ba shi da abin yi sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan zato ya daɗe ne saboda ya yi wa kowa daidai. Jamusawan da suka ga zamanin sun sami abin fakewa da shi idan 'ya'yansu suka tambaye su abin da suka aikata, masanan ƙasashen Yamma da ke kwatanta Hitila da Sitalin a lokacin yaƙin cacar baka sun sami hujjar cewa mulkin kama-karya tsoro ne zalla, ita kuwa Gestapo tun tana kan ganiyarta ita ce ta fara yaɗa labarin cewa babu abin da ke ɓoye gare ta, domin labarin yana rage mata aiki. Littafin da Robert Gellately, masanin tarihi ɗan ƙasar Kanada, ya fitar a 1990 a maɗaba'ar Jami'ar Oxford kan Gestapo da al'ummar Jamus yana cikin ayyukan da suka karya wannan zato, kuma hanyar da ya bi, tare da martanin da aka mayar masa, suna da amfani ga mai nazarin ƙasar Kano a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, musamman yankin kudu da ya haɗa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Amfanin yana cikin tambayar da ya yi wa takardun hukuma, amma hukuncin da ya yanke wa Jamusawa nasu ne, ba ya ɗaukuwa zuwa wata ƙasa.

Fasisanci, aƙidar da Musolini ya kafa mulki a kanta a Italiya daga 1922, tsari ne da ke tattara iko duka a hannun shugaba ɗaya da jam'iyya ɗaya, ya fifita ƙasa a kan haƙƙin mutum, ya kuma ɗauki kowace irin adawa cin amana ce. Nau'insa na Jamus ya ƙara da ƙiyayyar Yahudawa da jera 'yan Adam hawa-hawa bisa jini. 'Yan Nazi ba su taɓa samun rinjayen ƙuri'u a zaɓe mai 'yanci ba, domin iyakar abin da suka kai shi ne kashi 37 cikin 100 a Yulin 1932, shekarar da marasa aikin yi suka kai miliyan 6. Sai dai bayan an naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, gobarar majalisar dokoki ta 27 ga Fabrairu ta ba shi damar jingine 'yancin ɗan ƙasa washegari, dokar 23 ga Maris ta ba shi ikon kafa doka ba tare da majalisa ba, kafin watan Yuli ya ƙare kuwa an rushe ƙungiyoyin ƙwadago, an haramta kowace jam'iyya in ban da tasu. A cikin wannan guguwa aka kafa Gestapo a Afrilun 1933, ta kuma game ƙasar baki ɗaya a 1936 lokacin da Heinrich Himmler ya zama shugaban dukkan 'yan sandan Jamus. Babban makaminta shi ne abin da doka ta kira tsarewar kariya, wato ikon kama mutum a tura shi sansanin gwale-gwale ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, babu kuma kotun da ke da hurumin bin kadinsa.

Da yaƙi ya zo ƙarshe jami'an Gestapo sun ƙone fayilolinsu kusan ko'ina, wasu kuma ruwan bama-bamai ya cinye su, sai a wurare ƙalilan suka tsira da yawa, daga ciki akwai Düsseldorf, inda aka sami kimanin 70,000, da Würzburg a arewacin jihar Bavariya, inda aka sami sama da 18,000. A kan na Würzburg Gellately ya fi dogara. Yankin da wannan ofishi ke kula da shi, Unterfranken, ƙasar manoma ce da ƙananan garuruwa, mafi yawan mutanenta mabiya ɗariƙar Katolika ne, kuma yana cikin wuraren da 'yan Nazi ba su sami karɓuwa sosai a akwatin zaɓe ba. Abu na farko da takardun suka nuna shi ne ƙarancin ma'aikata, domin jami'an da aka ɗora wa sa ido a kan mutum sama da 800,000 ba su kai 30 ba, da yawansu kuma tsofaffin 'yan sanda ne da suka fara aiki tun zamanin jamhuriyar da ta gabata, kuma takarda ta fi cinye musu lokaci a kan sintiri. Ko a ƙarshen 1944, lokacin da Jamus ke riƙe da ƙasashen da ta mamaye, ma'aikatan Gestapo duka kimanin 32,000 ne. Idan aka tuna cewa Stasi, 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, tana da ma'aikata kimanin 91,000 a 1989 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba, za a ga cewa hukumar da ake yi wa kallon mai gani har hanji ba ta da idanun da za ta yi wannan gani da su.

To, ta yaya labari ke isa gare ta? Gellately ya zaɓi laifuffukan da ake yi a bayan ƙofa, waɗanda ɗan sanda ba zai iya gani daga titi ba. Dokokin Nuremberg na Satumban 1935 sun haramta aure da tarawa tsakanin Bayahude da wanda doka ta kira mai jinin Jamus, daga baya kuma ko abota da Yahudawa ta zama abin tuhuma. A cikin fayiloli 175 na irin waɗannan shari'u a Würzburg, ya tarar cewa kashi 57 cikin 100 sun faro ne daga rahoton da wani farar hula ya kawo don ra'in kansa, waɗanda Gestapo ta gano da kanta kuwa ba su taka kara sun karya ba. Kafin shi, Reinhard Mann ya yi nazarin fayiloli 825 na Düsseldorf da suka shafi laifuffuka iri-iri, ya sami kashi 26 cikin 100 sun fito daga jama'a, kuma a cikin waɗannan masu kai rahoto, waɗanda rikicin kansu ya tura su sun fi waɗanda kishin aƙida ya tura su yawa. Mai haya da mai gida, abokan gasa a kasuwa, maƙwabtan da suka daɗe ba sa ga maciji, su ne suka cika ɗakin jiran Gestapo, kuma Vandana Joshi, masaniyar tarihi 'yar Indiya, ta nuna a 2003 yadda wasu matan aure suka kai rahoton mazajensu da sunan siyasa alhali dukan da suke sha a gida ne ya kai su. Abin lura shi ne babu wata doka da ta wajabta wa kowa kai rahoton irin waɗannan ƙananan laifuffuka, shi kansa Hitila ma ya koka wa ministansa na shari'a a 1933 kan yadda tsegumi ya yi yawa, amma hukuma ba ta taɓa rufe ƙofar ba, domin da ta rufe da dokar jinsi ta zama rubutu a takarda kawai. Daga nan Gellately ya kai ga ra'ayinsa cewa al'ummar Jamus ita ce ta riƙa yi wa kanta aikin ɗan sanda, ra'ayin da ya faɗaɗa a wani littafi na 2001 inda ya ce amincewar jama'a da tursasawar hukuma sun tafi kafaɗa da kafaɗa.

Fayil guda daga cikin na Würzburg ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma rauninta a lokaci ɗaya. Ilse Totzke ɗalibar kiɗa ce da ke zaune ita kaɗai, wadda maƙwabtanta suka yi shekaru suna kai rahotonta, wai tana hulɗa da Yahudawa, ba ta amsa gaisuwar Hitila, tana fita a lokutan da ba su gane ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a kama ta da farko, amma sun taru sun zama fayil, fayil ɗin ya sa aka kira ta aka gargaɗe ta, a 1943 kuma aka kama ta bayan ta yi yunƙurin tsallakar da wata ƙawarta Bayahudiya zuwa Suwizalan, aka tura ta sansanin mata na Ravensbrück. A nan takardun Würzburg suka tsaya, aka kuma daɗe ana zaton a can ta mutu, sai bincike na baya ya tabbatar ta tsira, ta rayu har 1987. Fayil yana buɗewa ne ranar da hukuma ta fara sha'awar mutum, ya rufe ranar da ta gama da shi, saboda haka masanin da ya tsaya a kansa yana ganin rayuwa ne ta tagar da ɗan sanda ya buɗe masa.

Martanin da aka mayar wa Gellately ya zo daga fuskoki biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Eric Johnson, wanda ya yi aiki da takardun Krefeld da Köln ya fitar da littafinsa a 1999, ya yarda jami'an ba su da yawa, amma ya ce ba su zauna jiran tsegumi ba a inda suka ɗauki abu da muhimmanci: 'yan kwaminis da Shaidun Jehobah da Yahudawa an bi su ne da gangan, da 'yan leƙen asiri da duka da azabtarwa, shi kuwa Bajamushen da ya yi ba'a ga gwamnati a mashaya sau da yawa gargaɗi kawai yake sha, kuma waɗanda suka taɓa kai rahoto ƙaramin kaso ne ƙwarai na jama'a. Richard Evans, a laccarsa ta 2006 a cibiyar manyan masana ta Birtaniya, ya ce wanda ya taƙaita tursasawa a kan Gestapo ya ƙidaya hannu ɗaya ne cikin hannuwa masu yawa. Akwai duka da kamen mutum sama da 100,000 a 1933, wanda ya karya ƙashin bayan adawa tun kafin a fara maganar amincewa. Akwai wakilin jam'iyya na unguwa, wanda aka ba gidaje 40 zuwa 60 ya san wanda ya kafa tuta da wanda ya ba da gudunmawa. Akwai mai ba da aiki da mai ba da tallafi da malamin makaranta, kowannensu yana iya hana mutum abincinsa. Sannan akwai kotuna da gidajen yari na yau da kullum, waɗanda Nikolaus Wachsmann ya nuna a 2004 cewa kafin yaƙi sun fi sansanonin gwale-gwale yawan fursunoni nesa ba kusa ba, kuma alƙalai masu digirin shari'a ne suka yanke hukuncin kisa kimanin 16,000 a zamanin.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, Gellately ya yi gaskiya a kan yadda labari ke tafiya, Evans kuma ya yi gaskiya a kan abin da ke ba labarin dafi. Gulmar maƙwabci tana nan a kowace al'umma, kafin Hitila da bayansa, abin da mulkinsa ya yi shi ne ya tanadar mata doka da ofishi da sansani, ta yadda kalmar da a da za ta ƙare a ɓacin rai ta koma tana iya ƙarewa a kabari. Bai kamata kuma a kira jama'ar da aka fara karya ta da duka mai amincewa ba, sai an bayyana irin amincewar da ake nufi. Amma duk da haka tambayar Gellately ba ta faɗi ba, domin hukumar da jami'anta ba su kai 30 ba ta kwashe Yahudawa sama da 2,000 daga Unterfranken tsakanin 1941 da 1943, kuma ba za ta iya hakan ba sai da magatakardan gari da ma'aikatan jirgin ƙasa da masu sayen kayan da aka yi gwanjonsu.

Hausawa sun riga sun faɗi ginshiƙin wannan magana da suka ce da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihin shigowar Turawa ƙasar Kano ta kudu ya gaskata ta tun ranar farko. Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta kuma ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, sojoji ne sama da 700 waɗanda kusan dukansu baƙar fata ne, da yawansu masu jin Hausa, Turawan da ke jagorantarsu kuwa 'yan ƙalilan. Mulkin da ya biyo baya ma haka ya tsaya, domin jami'an mulki Turawa a Nijeriya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a kan mutum kimanin miliyan 20 gab da yaƙin duniya na biyu. Razdan yana birni, Di'o yana zuwa rangadi jefi-jefi, aikin yau da kullum kuwa yana hannun En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka sake wa fasali suka danƙa mata haraji da shari'a da 'yan doka da gidan yari. Tun kafin 1910 an umarci hakimai su bar birni su koma gundumominsu, an kawar da jakadun da ke tsakaninsu da ƙauyuka, sai sarkar iko ta miƙe daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Manomin Badafi ko Dangora ko Yako yana iya shekaru bai yi magana da Bature ba, amma ba ya kwana biyu bai ga mai unguwarsa ba, kuma mai unguwa shi ya san yawan baligan gidansa da za a rubuta wa haraji, ya san wanda ya tura shanunsa daji lokacin ƙidayar jangali.

Wajibi ne a faɗi bambancin da babbar murya kafin a ci gaba. Mulkin Nazi ya kashe Yahudawa miliyan 6 da gangan da tsari, ya kuma kunna yaƙin da ya ci rayuka miliyoyi masu yawa. En'e da Turawan da ke bayanta sun yi zalunci, sun tatsi talaka, sun ɗaure masu adawa, amma ba su taɓa ƙudurta shafe wata al'umma daga doron ƙasa ba. Wanda ya daidaita su biyun ya raina abin da ya faru a Turai, bai kuma fahimci abin da ya faru a Kano ba. Abin da ya haɗa su shi ne matsalar da kowace hukuma mai ƙarancin ma'aikata ke fuskanta, wato yadda za ta san abin da ke faruwa a cikin gida da gona.

Rubuce-rubucen tarihin Kano na wannan zamani suna da ƙarfi a sama. Adamu Fika ya bi yaƙin Basasar Kano da mulkin Turawa har 1940, C. N. Ubah ya bi tsarin gudanarwa daga 1900 zuwa 1930, M. G. Smith ya bi sarautu da gidajensu tsawon ƙarnoni shida, Mahmud Modibbo Tukur kuma ya koyar da yadda ake karanta rahoton Bature ba tare da an haɗiye shi ba. A ɗaya ɓangaren akwai tarihin gwagwarmaya da ya taso daga jam'iyyun NEPU da PRP, wanda ya raba al'umma gida biyu, masu sarauta da talakawa. Wannan rabo gaskiya ne, kuma shi ya ba siyasar Kano kaifinta, amma yana da illa irin ta tsohon zato game da Gestapo, domin yana nuna talakawa tamkar dunƙule guda da aka danne daga sama, yana tsallake abin da ke gudana tsakanin talaka da talaka. Ba a cika tambayar wanda ya je zauren dagaci da dare ba, ko abin da ya kai shi, ko rikicin gona ne ko na gado ko na neman aure ko na sarautar unguwa.

Shekarun yaƙin duniya na biyu su ne wurin da ya fi dacewa a gwada wannan tambaya, kuma a nan ne tarihin ƙasashen biyu ya haɗu a zahiri. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, ita ce ta gabatar da Hitila ga masu karatun boko a Arewa a matsayin azzalumin da ke son bautar da duniya. Amma da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar aikin tilas a mahaƙan Jos, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum kimanin 100,000 daga lardunan Arewa irin su Zazzau da Bauchi da Katsina da Sakkwato, ana kai su na 'yan watanni, sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na 1981. A ƙasar Kano matsin ya fi zuwa ta gyaɗa da hatsi da ɗibar soja, yankin Tudun Wada kuwa, wanda a lokacin ya haɗa har da Doguwa, yana iyaka da Zazzau da Bauchi, yana kuma da tasa kuzar a Riruwai, inda ake narkar da ita tun kafin zuwan Turawa. Ko mutum ake nema ko buhu, tsarin ɗaya ne: gwamna ya yanka adadi, Razdan ya raba wa sarakuna, sarki ya raba wa hakimai, har ya gangaro kan mai unguwa, wanda shi ne zai nuna gida da yatsa. A wannan mataki na ƙarshe babu Bature, babu doka rubutacciya da ta ce wane ne zai tafi, sai sanayya da gaba da abin da mutum ya iya miƙawa, kuma a nan ne ya kamata masanin tarihi ya tsaya ya duba wanda aka tsallake da wanda aka shuna.

Zamanin siyasa ya ƙara fito da lamarin fili, ya kuma fi kama da abin da Evans da Wachsmann suka jaddada. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ba 'yan sandan ciki ne suka fi takura wa 'ya'yanta ba, kotun alƙali ce da 'yan doka da gidan yarin En'e, da laifuffuka irin su yin lacca ba izini da zagin masu sarauta, ga kuma 'yan Jam'iyyar Mahaukata da suka bayyana a birni a 1953 suna dukan 'yan adawa. Richard Sklar da C. S. Whitaker da B. J. Dudley duk sun rubuta wannan a shekarun 1960 zuwa 1970. Sai dai alƙali ba ya ɗaure mutum kan zagi sai an kawo ƙara an kawo shaidu, shaidun kuwa mutanen da suka tsaya a wurin laccar ne, ko suka ji maganar a kasuwa ko a majalisar ƙofar gida. Rijistar kotun gunduma, inda muhuti ya rubuta sunan mai ƙara da wanda ake ƙara da masu shaida, ita ce takwarar fayil ɗin Würzburg a ƙasar Kano, kuma wanda ya jera shari'un siyasa na shekarun zaɓe, 1954 da 1956 da 1959 da 1961 da 1964, kusa da shari'un gona da gado da aure na wannan gari, zai iya ganin ko sunayen suna maimaituwa.

Akwai abubuwa biyu kuma da za su hana a kwafo sakamakon Gellately kai tsaye. Na farko, a ƙasar Kano ƙofar da tsegumi ke shiga ita ce kuma ƙofar kai kuka, kuma kuka yana hawa sama. Bayanan majalisar shari'ar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara daga Larabci ya buga a 1994, cike suke da talakawa, har da mata da bayi, da suka kawo ƙarar masu iko kan gona da dukiya, kuma tuɓe dagaci kan cin kuɗin haraji abu ne da ya yi ta faruwa a duk tsawon zamanin. Ko Sarki Muhammadu Sanusi, da duk ƙarfinsa, binciken kuɗin En'e da D. J. M. Muffett ya jagoranta ne ya kai ga murabus ɗinsa a 1963, ko da yake rikicin manya ne ya buɗe wannan ƙofa. Rahoton da ya kai Ilse Totzke sansani ya sauka ne a kan wadda ba ta da kowa, amma takardar kukan da manomi ya sa malami ya rubuta masa a kan dagacinsa wani abu ne daban, kuma wanda ya haɗa su a ƙidaya ɗaya ya ɓata lissafi. Na biyu shi ne ƙaura. Bajamushe ba shi da inda zai gudu, manomin kudancin Kano kuwa yana da daji a gabansa da iyakar Zazzau a kusa, kuma dagacin da mutanensa suka watse harajinsa ya ragu, hakimi zai tambaye shi dalili. Wannan ya sa zalunci a gundumomin iyaka yana da ma'aunin da ba shi da shi a ƙauyukan kewayen birni, inda ƙasa ta yi ƙaranci kamar yadda Polly Hill ta nuna a 1977, kuma bambanci ne da za a iya gwada shi da alƙaluman haraji na gunduma-gunduma.

Kayan aikin suna warwatse a taskar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Mambayya, da kuma abin da ya rage a tsofaffin kotuna da gidajen hakimai bayan an karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Darasin fayil ɗin Totzke shi ne kada a tsaya a kansu, kuma ƙasar Hausa tana da misali mai kyau na abin da baki ke ƙarawa a kan takarda, wato labarin Baba, 'yar ƙasar Zarewa a kudu maso yammacin Kano, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, inda zuwan Turawa da harin bayi da rikicin aure suka fito yadda mace a cikin gida ta gan su. Wahalar da ke jiran mai wannan bincike ita ce ta suna. Dokokin taskokin Jamus sun taƙaita bayyana sunan mutumin da ba jami'i ba sai bayan wasu shekaru da mutuwarsa, kuma wuraren da fayilolin suka fito birane ne da yaƙi da ƙaura suka riga suka tarwatsa mazaunansu. A Kiru ko Bebeji kuwa jikan mai ƙara da jikan wanda aka ɗaure suna iya kasancewa surukan juna a unguwa ɗaya, saboda haka dole mai bincike ya sakaya sunayen masu ƙara da shaidu, ya bar na hakimai da alƙalai da suka yi aiki da sunan hukuma, ya kuma ajiye asalin rijistar a inda wani masani zai iya komawa ya tantance ƙidayarsa.